Gyaran Gidan da Aka Riga Aka Sayar

Assalamu alaikum Yaya Sa'adu,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Yaya Anti Binta da yara? Yaya zaman Fatakwal? Mu a nan Takur lafiya ƙalau, sai dai raina a ɓace yake.

Ruwan sama ya tsaga bangon ɗakin yara, har hannu yana shiga. Na yi ta kiran Alhaji Mudi, mai gidan da muke haya, wayarsa a kashe. Maigidana ya je gidansa sau uku, kullum sai a ce ya yi tafiya. Muka kai maganar wajen mai unguwa. Ya zo ya duba, ya ce, "Ku ɗauki hoto ku gyara, ni ne shaida. Kada bango ya faɗo wa yara." Na sayar da keken ɗinkina, muka kira magini.

Ranar da aka gama shafe, sai ga wani baƙo da takarda. Ya ce tun kafin azumi ya sayi gidan, kuma Alhaji ya faɗa masa mun yarda za mu tashi bayan damina.

Yaya, Alhaji Mudin nan aminin Baba ne fa, wanda ya ce a wajen zaman makoki mu 'ya'yansa ne! Jiya muka yi kiciɓis a kasuwa. Har na durƙusa zan gaishe shi, ya kau da kai ya wuce.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya ba mu wani matsugunin. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hadiza