Jinin da Ba a Sa wa Yaya Ba

Litinin, 3 ga Maris
An sake kwantar da Yaya. Sankarar jinin dai. Ni ke kai masa abinci. Ya rame, amma bakin na nan, ina shiga ya ce ga Bebiya ta iso.

Laraba, 5 ga Maris
Wata likita mai tabarau ta zauna bakin gado tana bayani. Wai a ɓargo ake haifar ƙwayoyin jini, kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, ƙananan RNA, masu tsawatar musu su daina yawaita, su girma su kama aiki. Na Yaya sun rikice, ƙwayoyin sai ƙaruwa, ba girma. Yaya ya ce ashe jinin ma halinsa ya ɗauko, ba ya jin magana. Har ita ta yi dariya.
Sai ta dube ni, ta ce suna son jinin ɗan'uwa mai lafiya, in Abba ya yarda ni ma na yarda. Ta ƙara wasu maganganu, kunya ta toshe min kunne. Kai kawai na gyaɗa.

Alhamis, 6 ga Maris
Tsoron allura nake. Ba wanda ya sani.

Asabar, 8 ga Maris
An ɗiba, 'yar kwalba biyu kacal. Na ce wa Umma da an sa masa zai miƙe. Ta rungume ni. Yau ta ci abinci sosai.

Talata, 11 ga Maris
Zazzaɓinsa ya dawo. Na tsaya ƙofar ɗakin gwaji har ƙafata ta gaji, kafin na iya tambayar likitar ko jinina ne bai karɓe shi ba. Ta cire tabarau.
"Ƙanwata, ba sa masa za a yi ba. Kwatanta naki da nasa muke, mu gano waɗanda suka rikice. Wataƙila wasu ne za su amfana nan gaba. Maganinsa daban, ana ba shi."
Ta ce ta faɗa ranar. Na san ta faɗa.
Na yi kuka a banɗaki. Umma fa?

Juma'a, 14 ga Maris
Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, ninke zanin gadon Yaya ta ci gaba da yi. Can ta ce ita ma ba ta gane komai ba ranar, gobe mu je tare in tambayar mana.
Ni wai. Ban ce zan iya ba.
Ko da yake na san tambayar da zan fara da ita.