Zanen Babban Yatsana

Didi Fulmati,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ko Baba ban faɗa wa ba: na je neman katin shinkafar gwamnati. Lafiya muke a masana'antar bulon nan, sai dai tukunyarmu ba ta kai dare.

Da na ɗora babban yatsana a na'urar masu ba da katin, ta ƙi gane ni. Ma'aikacin ya ce, "Ƙanwata, ina kika yar da zanen yatsanki? Ba zane, ba kati."

Ashe ɗaukar bulo ta shafe shi sumul. Wai yana sake fitowa? Irin na da? Tambayo mini Inna.

Na naɗe shi da tsumma. Da yatsu huɗu zan riƙa ɗauka har ya dawo, ko shugaban aiki zai yi faɗa.

Ƙanwarki,
Jhumri