Gidan da Baba Bai Isa Ba

Saskatoon, 9 ga Mayu

Zuwa ga yayana Wendell,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Marlene da yara. Allah ya ƙara maka lafiyar bayan nan naka. Mu nan ƙalau muke, sai dai abin da na gani ranar Talata.

Ka san tun rasuwar Mama Baba ya ƙi tashi daga kujera. Likita ta ce in bai koma takawa ba ƙafafun za su mutu, sai gidan kula da tsofaffi. Shi ne Travis, mijin 'yata Corinne, ya ce mu kai shi wurin aikinsu, wai suna da ɗakin da zai mayar da shi tsohuwar gonarmu. Na ce masa ya raina wa wani hankali, gonar da aka sayar shekara goma sha biyu da suka wuce.

Ɗakin bai fi falona ba, kuma babu komai ciki. Suka ɗaura wa Baba wani tabarau, fanka na hura masa iska, fitila na gasa masa ƙeya kamar rana. A allo muna ganin abin da yake gani: alkama, shinge, can nesa ga gidanmu. Sai ga Baba ya miƙe yana tafiya. Na ce yanzu zai yi karo da bango. Travis ya ce a'a, duk ƙiftawar ido hoton yana ɗan karkacewa, ƙafa kuma ido take bi, sai mutum ya yi ta kewaye yana zaton miƙewa ya yi. Wendell, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa maƙwabta tsiya a kan karkataccen layin huɗa, ga shi yana zagaye ɗaki minti arba'in, yana murmushi.

Da aka cire tabarau, sai ya dubi Travis ya ce wane raggo ne ya auna gonar nan, tun ɗazu yake tafiya gida ya ƙi matsowa, ga shi ya san uwar yara ta ɗora ruwan kofi a wuta. Travis ya raɗa mini cewa da gangan suke ja da gidan baya, don bayan ƙofar ba su gina komai ba, ba su da hoton ciki.

Likita sai murna take. Baba kuwa kullum yana tambayata ko in mun koma ranar Alhamis za a bar shi ya kai ƙofa, kuma na riga na ce masa e. Hotunan kicin da za su iya gina cikin gidan da su suna wurinka, kuma na san babu ɗaya da Mama ba ta ciki. Ka yanke shawara ko za ka turo su, ni na kasa.

Ka gaida Marlene, da Dale, da Josie. Corinne na gaishe ku.

Ƙanwarka,
Darlene