Kafin a Kwance Kujerar Baya

Yaya,

Da fatan kuna lafiya, ke da Umma da Auta. Ni ma lafiya lau, karatu na tafiya. Har yanzu ban yi ƙawa ba, amma ina sabawa.

Na ga hoton tsohuwar motar da Baba ya saya. Sabon fentin nan ya mai da ita amarya, Allah ya tsare.

Kin ce ranar Asabar mai ɗinkin kujeru zai kwance kujerar baya. Don Allah ki riga shi. Kafin in taho makaranta, a yagewar gefen hagu na cusa littafin da nake rubuta labarin soyayya, shi kuwa duk abin da ya tsinta Baba zai miƙa wa.

Ki ɓoye mini. In kin karanta, kar ki tambaye ni wane ne mai tabarau.

Ƙanwarki