Ludayin Dubagari da Shagon Bakin Titi

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku, tsohon dubagari, ina rubuta wannan da hankalina garau. Ƙafafu ne suka yi murabus, kai yana nan bakin aikinsa. Likita ya gaya mini abin da ya gani, na kuma yi masa godiya, don haka ku karanta a natse.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara. Ba ni da ta cewa a nan.

Na biyu. Shagon bakin titi, wanda tela ke haya, ba ya cikin rabo. Na riga na mayar da shi wakafi tun ina kan ƙafafuna, a gaban shaidu, takardar tana hannun lauya. Hayarsa ta ajin Asabar ce, wato ajin da muke koya wa 'yan sakandare aikin kiwon lafiyar jama'a a garejin gidan nan. Da ita ake sayen kayan gwajin ruwa, a ɗauki motar kai su asibiti da wurin tace ruwa, a kuma saya musu fom na shiga kwalejin kiwon lafiya.

Shekara talatin da biyar na yi ina shiga gidaje da dogon ludayina ina leƙa randunan mutane. In na ga tsutsar sauro, sai in kifar da ruwan. An zage ni, an sako mini kare, wata tsohuwa ma har da muciya ta raka ni ƙofa. Ba yaron da ya taɓa cewa yana so ya zama irina, kowa sai likita. Abin ya daɗe yana cin raina, domin likita yana jiran mara lafiya ne, mu kuwa mu ne muke hana shi zuwa. Da na yi ritaya sai na buɗe ajin da benci biyu da yara biyar. Yau ɗalibaina suna aikin rigakafi, suna duba mayanka da kasuwanni, ɗaya ma ita ce shugabar sashen da na bari. Da annobar amai da gudawa ta zo bara waccan, unguwarmu ba ta binne kowa ba. Na yi alfahari, kuma ba na ɓoyewa.

Na uku. Malama, 'yata, ke za ki riƙe ajin. Kada ki sauya ƙa'idata: kafin ɗalibi ya leƙa randar wani, sai ya fara da ta gidan malaminsa, ya kuma rubuta abin da ya gani ba sani ba sabo. Wanda ya ji kunyata a nan, gobe mai kuɗi zai harare shi ya mayar da biro aljihu.

Na huɗu. Babban Yaya, na san kana so a sayar da shagon ka faɗaɗa sana'arka, na kuma san kai da Malama kun kai wata bakwai ba ku gaisawa a kan haka. Ban ga laifinka ba, iyali gare ka. Amma ga abin da ba ka sani ba. A shekara goma sha biyun da ajin ya yi, ɗalibai suna duba randata suna cewa tsaf take, wasu da gaskiya, wasu don kara. Watan jiya, da ciwo ya kwantar da ni, aka manta da ƙaramar randar bayan ɗaki. Wata yarinya mai tabarau ta zura ludayi, ta ɗaga shi a hasken rana, ta ga tsutsa, ta kifar da ruwan a gabana, sannan ta rubuta sunana a takardar masu laifi. Na yi dariya har na yi tari, daga baya kuma na yi hawaye. Yarinyar nan 'yarka ce, wadda kake zaton darasin lissafi take zuwa wurin gwaggonta. Takardar tana ƙarƙashin matashina, ka je ka karanta. In bayan haka har yanzu kana son kai maganar shagon kotu, ka fara yi mata bayani tukuna.

Na biyar. Ludayin na jikar nan tawa ne. Auta, kai kuma ka tabbata yayyenka sun ci abinci a kwano ɗaya kafin a yi maganar rabo, tun da kai kaɗai ne kowa ke jin kunyar ƙi maka.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku masu yi muku fiye da yadda kuka yi mini. Na yafe muku, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, kada ƙofar garejin nan ta wuni a rufe ranar Asabar, ko da ta zo daidai da zaman makokina. Ranar ma ku bar jikata ta duba ruwan da za a ba baƙi. Gidan zai kasance a hannunka lokacin, Babban Yaya, don haka ka wanke randa da kyau, don ba za ta raga maka ba.