Nan Ofis Babu Iska

Abijan, 4 ga Maris 1986

Baba Illa,

Ina gaisuwa. Yaya mutanen Tamaske? Ni lahiya lau, in ban da ɗanka Ɗayyabu da na samo wa aiki.

Ordinatar ɗin kamfaninmu, wato kwamfuta, tana rubuta aikin kowa, ni na safe, Ɗayyabu na rana. Shef, shugabanmu, ya sa shi tsara lokutan, sai ya yanke nawa a sha biyu, alhali sai ƙarfe biyu nake tashi. Kullum wahalata ta awa biyu tana faɗawa cikin sunansa, ni ana kirana rago.

Ban yi mamaki ba. Shekarar da gambar iyakar gonar mahaifina ta matsa taki goma, gonarka ta ƙaru, cewa ka yi iska ce. To, nan ofis babu iska.

Allah ya isa.

Alƙasim