Mama Ta Ware Bokitinta

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Watan haihuwata ya kama, ga shi Mama ta aiko wai ba za ta zo ba. Na kira ta, ta ce ba komai. Idan laifi na yi mata ku faɗa mini. Ni ko riƙon jariri ban iya ba.

'Yarku, Auta.

Auta,

Ina gaishe ki da mai gidanki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da makaranta tun aji huɗu muka yi rabuwar arziki, hannuna burushin fenti ya sani.

Ba ki yi laifi ba. Mamanki ce ba lafiya, a wurin da uba ba ya ambata wa 'yarsa, sai ki gane. Ƙaiƙayi ya hana ta sakat, ta ce fatar ta yi fari fat, ta yi laushi har tana tsagewa. Ta ware bokitinta da tawul, ta koma tsohon ɗakinki. Wai ciwon ana ɗauka, ba za ta kai wa jikanta ba. Kallon da take yi mini kuwa, kamar ni na kwaso shi a waje. Ni da ko akuyar maƙwabta ba ta waiwayena!

Na taimaka da ilimin da nake da shi. Bango in ya yi tabo, wanke shi ake yi, sai na sayo mata sabulun da nake cire fenti da shi. Abin sai gaba yake yi. Ta rantse ba namijin da zai duba ta. Ni ma na rantse sai ta ga likita. Za a ga mai taurin kai a gidan nan.

Allah ya sauke ki lafiya. Babanki.

Baba,

Ina gaisuwa. Don girman Allah ku jefar da sabulun nan yau. Mama ba bango ba ce. Ku nemi likita mace.

Auta.

Auta,

Gaisuwa, da godiya bisa faɗan. Sabulu ya tafi.

Na yi ta sintiri asibiti har mai gadi ya fara tambayata iyali, sannan na gano ranar da likita mace ke zama. Na ce wa Mamanki bayana ya riƙe, ta raka ni. Na yi ta ɗingishi har ƙofa, ana kiran suna sai ta ji nata. Hararar da na sha ta ishe ni guzurin shekara.

Bayan an duba ta aka kira ni. Likita ta rubuta mini sunan ciwon, lichen sclerosus. Na gwada karantawa, harshena ya nemi hutu. Ta ce ba a gama sanin sanadinsa ba, amma galibi garkuwar jikin mutum ce ke faɗa da fatarsa, kuma ya fi samun mata bayan al'ada ta ɗauke. Ba ƙazanta ba ce, ba a ɗauka, ba miji ke kawowa ba. Na ce, “Likita, maimaita na ƙarshen nan da ƙarfi.”

Ta ba da man shafawa mai ƙarfi, kullum ɗan kaɗan, ba irin laftawar da nake yi wa bango ba, daga baya a rage. Sabulu kada ya kusanci wurin. Ta ce ba ya warkewa kwata-kwata, amma yana kwanciya, kuma dole a riƙa komawa dubiya, don in aka yi sakaci yana iya zama babban abu.

Mamanki tana shafawa, sai dai har yanzu tana tsoron jikanta zai ɗauka, ta ce likitar yarinya ce, me ta sani game da jarirai. To ni kuma kullum da bokitinta nake wanka, da tawul ɗinta nake gogewa, a gabanta. Na ce in ana ɗauka, mu yi susar tare. Ta ce tsufa ya taɓa mini kai. Ba zan fasa ba sai na ga ta hau mota.

Babanki, mai ciwon bayan ƙarya.

Auta,

Ina gaishe ki. Ƙaiƙayi ya lafa, ina samun barci. Na zuba wa tsohon nan ido, ko susa ɗaya bai yi ba. Ina tafe a motar Asabar. Ki ce wa jikan nawa ya jira ni.

Mamanki.